Layin Burtali

"Taku goma kacal za ki matsar da layin nan," in ji baffanta, yana dangwala yatsa a fuskar kwamfutar. Burtalin shanun da ya taso daga Paki ya ci gefen gonarsa, ga damina ta ƙarato.

Ita ta buɗe wa manoma da makiyaya ma'ajiyar taswirar burtalin, a manhajar da ke riƙe kowane gyara da sunan mai yinsa. Ita ta raba izini: wane ya duba, wane ya gyara. To, a ganin baffa, me zai gagare ta?

"Baffa, ba zan iya ba."

"Ko dai ba za ki yi ba?"

Ta nuna masa jerin sunayen. Wakilin Ardo da na Sarkin Noma ke da izinin gyara, shi ma sai bakinsu ya zo ɗaya. Can ƙasa ga sunanta: dubawa kawai.

"Wa ya yi miki wannan wulakancin?"

"Ni ce. Ranar da na ga inda layin ya bi na miƙa musu mabuɗin. Na san za ku zo, kuma ban iya ce muku a'a ba."

Sai ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar, ya ɗora a kanta.