Ƙwaryar Shunin Maitama

Hansai ta zuba shuni cikin laka ta ci gaba da cuɗawa. Jikanta Maitama na tsugune gefe, danƙo a wuya, ya miƙo mata ƙoƙo.

"Wannan za ka cika? Ɗauke min shi. Kawo ƙwaryar fura."

"Tsohuwa, kowa fa a aljihu zai zuba nasa."

"Kowa yana da hannu. Kai kuwa, mijin banza, ko rumbu aka ce ka harba sai ka sami akuyar maƙwabta."

Shekarar canjin kuɗi ce, damina ta ɗauke dawa tana da ciki. A ƙauyensu Tsiga rumbuna sun koma makwancin kaji. Gonar da ta tsira ita ce ta Okwudili, wani ɗan kasuwar Funtuwa da ya shuka masara a fadama da injin ban-ruwa. Birai da ɓarayi suka dame shi. Maharba kuwa ya sallame su tun ranar da bindigar ɗayansu ta kashe saniyar Fulani. Ya ce mai gadi ɗaya yake so, sabon hannu, da danƙo kawai, ladansa buhun masara duk wata.

Ga yadda ya shirya gwajin. Mutum guda zai sa fararen buhunan taki tun daga wuya har ƙasa, ya kifa kwando a kai, ya ratsa gona kamar ɓarawo. Samari su harbe shi da dunƙulen laka, kowa da launinsa. Wanda launinsa ya fi yawa a buhu, aiki nasa ne. Bature ɗan dako aka ɗauka ya yi ɓarawon.

Maitama ya riga ya faɗa: in bai samu ba, motar shanu zai hau zuwa Kurmi. Haka ubansa ya hau, ko takalminsa ba a sake gani ba. Shi kaɗai ya rage wa Hansai a duniya.

Don haka ta zauna ta auna abin da kyau. In ya kai kaɗan, zai ƙare ɓarawo bai kai tsakiyar gona ba. In aka dunƙula tun jiya, laka ta bushe ta zama dutse, ba ta barin launi sosai. Sai ta bari sai da safe, ta yi su manya, masu laushi. Ta ɗauki guda ta maka wa cinyarta, ta cije leɓe, ta ƙara ruwa. Da ƙwarya ta cika ta yi tozo, ta rufe da ɗanyen ganye.

"Ka tsaya gindin tsamiya, kada ka gusa. Kada ka tsaya auna komai. Ka yi ta saki har ka ga gindin ƙwarya."

"In bai biyo ta tsamiya ba fa?"

"Zai biyo."

"Za ki zo kallo?"

"Ni? Kallon ƙarti na jifa da laka? Kaza zan kai kasuwa."

Kazar ita ce abu na ƙarshe mai numfashi a gidan bayan su biyu. Ta saƙale ta a hammata ta fita, da dogon takun nan nata irin na maza.

A bakin gona aka yi wa ƙwaryar Maitama dariya. Wanda ya fi kowa dariya Raufu ne, ɗan tela haifaffen Funtuwa. Nasa ja ne, na karan dafi, ƙanana, sun sha rana tun jiya.

Okwudili ya busa usur. Ɓarawo ya ɓullo daga cikin masara, ba gudun kirki. "Yau Bature bai karya ba!" in ji wani. Ja ya sauka a ƙirjin buhu. Baƙin gawayi ya sauka. Ja ya sake sauka. Na Maitama kuwa sai ganyen masara suke wa ado. Gumi ya cika masa ido, ba ya ganin komai sai motar shanu.

Sai ɓarawo ya yi kamar ya ɓata hanya. Ya karkato wajen tsamiya, ya yi tuntuɓe, ya juya wa Maitama baya, kusa, kamar a miƙa hannu a taɓa. Maitama ya saki. Shuni ya fashe. Ya sake saki.

Sauran suka yi caa a kan ɓarawo har aljihunsu ya ƙare. Na ƙarshen Raufu ya shige ta ƙarƙashin kwando, bayan kunnen hagu. Kowa ya ji ƙarar. Ɓarawo ya durƙushe. Okwudili ya ɗaga hannu a tsaya, amma ɓarawon ya girgiza kwando, ya dafa ƙasa ya miƙe. Yana tangaɗi ya sake bi ta tsamiya, ya kuma bi, har Maitama ya ga gindin ƙwarya. Sannan ya shige masara.

Jim kaɗan Bature ya fito ta can ƙarshen gona, buhunan a kafaɗa, ko haki ba ya yi. Aka shimfiɗa su. Ba sai an ƙirga ba.

"Mai shuni," in ji Okwudili, "gobe ka zo aiki."

Maitama bai san sadda ya iso gida ba. Ya tarar da Hansai kwance a tabarma, fuska ga bango.

"Tsohuwa! Na ci! Ba inda za ni!"

"To na ji, kada ka cika min kunne. Ɗebo min ruwa."

Ya kawo moɗa ya durƙusa. Ta yunƙura da kyar, ta kai baki, kallabinta ya zame. Bayan kunnenta na hagu ga kumburi kamar ƙwan zabo, jan karan dafin Raufu bai gama wankuwa ba.