Ƙofar Iya Larai

Tun da aka sa wa gidajen hayar Samaru na'urar muryar tsaro, ɓarayi suka haƙura, domin ko mai ɗaki ba ya nan, ƙofarsa za ta amsa sallama da muryarsa.

Hansatu, ɗaliba daga Gumel, ba ta saba da kowa a gidan da take haya ba sai maƙwabciyarta Iya Larai. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ta.

"Lafiya lau, 'yar nan," Iya za ta ce, sannan ta yi ɗan tari.

Ranar Sallah Hansatu ta soya waina ta kai mata. Tana cikin sallama sai mai sharar gidan ta leƙo.

"Ɗauke kwanonki, 'yata. Larai ta rasu tun bara. Mai gidan nan ne ya bar muryar, kada a gane ɗakin ba kowa."

Washegari Hansatu ta wuce ƙofar da sauri. Har ta kai zaure, sai ta dawo, ta sassauta murya.

"Iya, ina kwana? Ya tarin?"