Sunan Ɗan Fari

Kwamfutar ta sake ƙin buɗewa. Bamalli ya share gumi. Gobe za a rufe karɓar furojet a makarantarsu, nasa kuma yana cikin kwamfutar. Sunansa ya ɓace daga allon, saura na Baba kaɗai. Baba kuwa yana asibitin Suleja, ciwon ɓarin jiki ya ɗauke masa magana.

"Inna, don Allah, bai taɓa faɗa miki kalmar sirrinsa ba?"

Mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zane. "Ya ce sunan ɗanmu na fari ya sa."

Bamalli ya rubuta sunansa da sauri, kwamfutar ta ƙi. Ya gwada da manyan baƙaƙe, ta ƙi.

"Inna, shekara guda zan rasa! Faɗa mini yadda ya faɗe shi!"

"Bakina ba zai iya ba. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari."

"Haba Inna! Ke da kullum Bamalli, Bamalli?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

"Ai ba kai ne na fari ba, shi ya sa nake iya kiran naka."