Maɗacin Tsohuwa

Kai da ka ce ba ka iya kallon idon baƙo ka ce masa a'a, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke bakin kurmi, tsohon maharbi ne da ya rataye baka ya koma raka baƙi yawon daji. Ɗalibai ne, ma'aikata ne daga birni, duk mai son ya ga daji da idonsa shi ake nema. Kuma wallahi ya iya! Zai tsaya ya nuna musu sawun gada a taɓo, ya sa su yi tsit su ji kukan burtu daga nesa, ya murza musu ganyen sabara su shinshina, ya ce da shi masu jego ke wanka. In an iso gindin tsamiya sai ya sa kowa ya yi sallama, wai gidan mutanen ɓoye ne. 'Yan birni su yi ta dariya, amma ba mai yarda ya wuce bai yi ba. Ƙarshen yawon kullum wuri ɗaya ne: gindin wani ƙaton maɗaci da mutum biyu ba sa iya rungume shi. Itacen nan na mahaifiyarsa ne, ba don ita ta shuka ba, sai don shekara arba'in ita ke ɗibar sassaƙensa tana jiƙa wa mutanen gari in ciki ya murɗa ko zazzaɓi ya kama. Da idonta ya mutu sai ta damƙa masa wuƙar da sharaɗi. Ya ɗiba ta gabas, ya ɗiba ta yamma, faɗin tafin hannu, ya shafe wurin da laka, kada ya sake taɓawa sai an yi damina biyu. Ta ce, "Komai za ka yi, kada ka bari gabas ta haɗu da yamma. Itacen da aka yi wa zobe ya gama."

To, mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma makwaɗaici ba. Ciwonsa ɗaya, kunya. In ya gama zuba labarin maɗaci, ba a rasa wanda zai marairaice ya ce, "Baba, ɗan kaɗan, tsohona na fama da ciki." Ina zai iya? Mutum ya taso tun daga uwa duniya, ya kira ka Baba, ka ce masa a'a a kan ɓawon itace? Sai ya zaro wuƙa ya yanko faɗin yatsa biyu, ya shafe da laka kamar yadda aka koya masa. Da gabas ta cika ya ɗan matsa kudu. Da yamma ta cika ya ɗan gusa arewa. Duk a daidai ƙirjinsa yake yi, inda hannu ke kaiwa ba wahala. Kuma lakar nan da yake shafawa don tausayi ita ta rufe masa ido, don in ta bushe ba ka bambanta ta da ɓawo. Kullum in zuciyarsa ta ɗan sosu sai ya ɗaga kai ya dubi rassa ya ce, haba, wannan ƙaton, yatsa biyu me zai yi masa?

Rani uku ana haka. Rannan aka kwana biyu ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke lakar tas. Da ya iso gindin maɗacin sai ya ga abin da ya yi. Daji duk ya yi kore shar, maɗaci kaɗai ke zubar da ganye a tsakiyar damina. Ya koma gida ya ɓoye wa tsohuwa zancen. Ana nan sai matar maƙwabci ta kwanta da zazzaɓi, tsohuwa ta aike shi sassaƙe. Ya lallaɓa ya yanko na wani ƙaramin maɗaci can nesa. Ta karɓa, ta shafa, ta gatsa, ta tofar. Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Kai ni."

Ya riƙe mata sanda har gindin itacen. Ta lalluba ta sa yatsa a raunin gabas, ta fara zagayawa a hankali, yana biye da ita kamar ɓarawon da aka kama. Ta bi kudu, ta bi yamma, ta bi arewa, ta dawo inda ta fara, yatsanta bai ci karo da ɓawo ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Inna, wallahi ba wanda na ba fiye da yatsa biyu." Ta ce, "Na sani." Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai jingina goshinta da itacen ta daɗe, shi kuwa, ƙato da furfurarsa, ya tsuguna yana kuka.

Har yau yana raka baƙi, kuma har yau a nan yawon ke ƙarewa, sai dai wuƙar a gida take kwana. In wani ya ce, "Baba, ɗan kaɗan," sai ya kama hannunsa ya ɗora a kan zoben busasshen itacen ya ce ya zagaya.

Ka ji dalilin da ya sa Bahaushe ya ce, yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.