Manomin Albasa da Kumburin Hansatu

Ke da kike cewa kin gaji da zaryar asibiti, gyara zama ki ji labarin wani manomin albasa. Mutum ne mai zafin nama, ba ya son abu ya kwana bai gama shi ba. Yana da 'ya mace 'yar shekara shida, Hansatu. Wata safiya ta tashi idanunta sun kumbura kamar wadda zuma ta harba. Kafin mako ya zagayo ƙafafu sun cika, takalmi ya ƙi shiga, fitsarinta kuwa sai kumfa kamar an kaɗa sabulu. A asibitin birni likita ya ce ƙodarta ce ke yoyo, tana zubar da abin gina jiki cikin fitsari, shi ya sa ruwa ke taruwa a jikinta. Aka ba ta ƙwayoyi, kumburi ya sace, manomi ya yanka zakara ya yi sadaka, ya ce an gama. Ashe da sauran aiki. Bayan an janye maganin sai mura ta kama ta, kumburi ya dawo. Aka sake ba ta, ya tafi, ya kuma dawowa. Su ma ƙwayoyin suka fara nuna halinsu: kumatu suka yi ɓul-ɓul, ga ci ba ƙoshi, ga tsawo ya tsaya cak.

A zuwa na uku likita ya ce za a sauya dabara. Garkuwar jikinta ce ta yi zafin kai har take taɓa ƙodar, don haka za a ba ta maganin da zai kwantar da ita. Za ta daɗe tana sha, ana auna jininta lokaci zuwa lokaci. Tun da garkuwar za ta yi sanyi, sai a nisanta ta da mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma ko ɗan zazzaɓi ta yi a kawo ta. Manomi ya ɓata rai.

"Likita, yarinya ba ƙarfi, kuma a ce a rage wa mai tsaronta ƙarfi? Ba wata allura da za a yi mata sau ɗaya kowa ya huta?"

"In da akwai, Malam, ai da da ita zan fara," in ji likita. "Wannan ciwon lallaɓa shi ake yi."

Ya karɓi maganin ba don ransa ya so ba. Gidan ya koyi sabon zama. Gishiri ya ragu a miya, kowa ya ci haka don kada Hansatu ta ga an ware ta. Da ƙarambau ta shigo unguwa aka tsare ta a gida, uban ya riƙa haɗa mata motar kara da yamma, tana ja a tsakar gida tana dariya. Amma jarrabawar ba ta zo da ciwo ba, da lafiya ta zo. Watanni suka shige ba kumburi, yarinya ta yi fes. Yayansa ya ce masa, "Ta warke fa. Me za ka yi ta ɗura mata ƙwaya?" Sai kuma ranar awon jini ta faɗo daidai da cirar albasa, ga hadari yana haɗuwa. Manomi ya tsaya bakin lambu, fartanya a kafaɗa, yana duban gabas. Can ya jingine ta, ya koma gida, ya ɗora 'yarsa a babur suka nufi birni. Ruwa ya sauka a bayansu, wani sashe na albasar ya ruɓe. Awon kuwa ya nuna maganin ya ɗan yi mata yawa, likita ya rage shi tun bai yi ɓarna ba. Manomi ya dawo ya tsince abin da ya tsira.

Haka aka yi ta tafiya har likita da kansa ya janye maganin kaɗan-kaɗan. Kumburin ya ƙara leƙowa sau ɗaya, aka tare shi da wuri, daga nan bai sake ba. Hansatu ta miƙe har ta kere wa uwarta tsawo. Da la'asar uban kan zauna ƙofar gida yana tsinkar lawashi, ya hango ta tana dawowa daga makaranta cikin ƙawayenta, da gudu, ƙura na bin ƙafarta. Sai ya yi hamdala ya ci gaba da aikinsa.

Masu iya magana dai ba su yi ƙarya ba da suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.