Mai Jiran Jirgi

Tiwonge ta jingina wayar da gwangwanin sukari, ta ƙara girman rubutun, ta miƙa wa mahaifinta tabarau. Wedson Msiska, tsohon akawun gidan waya a garin Mzuzu, ya gyara wuyan rigarsa kamar mai shirin shiga coci. Haka yake yi kowace safiya kafin ya karanta shafin Mai Jiran Jirgi.

Shafin yana cikin Pa Khonde, wani zauren intanet inda tsofaffin malamai da nas-nas da direbobi suke da shafukansu. Kowa ya rubuta abin da ya sani, saura su yi sharhi a ƙasa. A al'adar zauren ba a sa sunan gaskiya. Wedson bai kula da sauran ba. Mutum ɗaya yake karantawa, mai ba da labarin wani yaro da aka ɗora a jirgin ruwa da ƙullin busasshen kifi, aka kai shi makarantar mishan a kan dutse.

Da fensir a hannu yake karatun, yana farautar kuskure, bai kuwa taɓa kamawa ba. Yakan ce wannan mutumin ya sha bulalar kirki, domin babu waƙafin da ya zauna inda ba wurinsa ba. Wani lokaci yakan ƙarasa jimla kafin Tiwonge ta ja rubutun sama, ya yi dariya ya ce 'yan mishan duk bakinsu ɗaya.

Sai dai labarin a tsakiya ya tsaya. Yaron ya girma, ya dawo hutu, ya hangi wata yarinya tana wanke rogo a bakin tafki, ya nufe ta. Nan rubutun ya yanke, tun bara waccan.

Ana haka sanarwa ta fito. Zauren zai koma sabon gida a ƙarshen wata. Dole kowane mai shafi ya shiga da kalmar sirrinsa ya ce ya yarda a kwashe masa kaya. Wanda bai shiga ba, za a share nasa.

Wedson ya sa 'yarsa ta rubuta sharhi da sunansa. Ya roƙi marubucin, cikin ladabi, ya zo ya buɗe ƙofarsa. 'Yan zauren suka yi ta amsawa a ƙasa, suna gaishe shi, suna tambayar jiki, suna yi masa addu'a. Ya ce mutanen nan akwai tarbiyya, amma ko ɗaya bai faɗi inda mutumin yake ba.

Tiwonge ta kira Dalitso, matar da ke kula da zauren daga Lilongwe. Dalitso ta ce akwai rubutu mai yawa a cikin shafin wanda ba a fitar ba, ci gaban labarin ne, tana ganin yawansa amma ba ta da ikon buɗewa. Adireshin imel da ake tura sabuwar kalmar sirri ya mutu. Lambar wayar mai shafin kuwa yanzu ta wata mai sayar da kifi ce a Nkhata Bay, wadda ta ce in ba kifi za a saya ba a daina damunta.

Wedson ya karɓi wayar. Dalitso ta gaishe shi doguwar gaisuwa.

"Yarinya, ki nemo mini shi," ya ce. "Ko yaro a tura gidansa."

"Muna ta nema, Adada," ta ce, wato Baba da yarensu.

Tiwonge ta kwafe abin da ke fili ta ajiye. Abin da take so yana bayan ƙofa. Kullum in ta taso daga aiki sai ta gwada kalmomi, sunan jirgin, sunan dutsen, baitin waƙar coci, har shafin ya kulle ta ya ce sai gobe.

Ranar ƙarshe ta dafa masa kondowole, tuwon rogo, da kifin da yake so. Ta bari ya ci, ya wanke hannu, sannan ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Adada, da kai ne shi, wace kalma za ka sa?"

Ya cire tabarau ya dube ta. "Da furfurata za ki mai da ni ɓarawo? Shekara da shekaru wasiƙun mutane suna bi ta hannuna, ban taɓa ɗaga ɗaya a rana in leƙa ba."

"Wasa ne fa. Faɗi ko guda ɗaya, duk wadda ta zo maka."

"Ɗakin mutum ne. In yana so zai buɗe."

Ta roƙe shi har hawaye ya zubo mata. Ya shafa kanta, ya ce ta daina kuka a kan baƙon da ba ta sani ba, sannan ya tambaya ko yau ba za a ci abinci ba ne.

Washegari ya gyara wuyan riga ya zauna. Tiwonge ta jingina wayar. Babu komai sai farin fili da layi ɗaya mai cewa ba a sami shafin ba. Ya daɗe yana kallo, fensirin yana hannunsa.

"Bai kyauta ba," ya ce a hankali. "Ba a barin mutane da rabin labari. Ko ya auri yarinyar nan mai rogo?"

"Ya aure ta, Adada."

"Ke a ina kika sani?"

Ta ɗauki kofinsa ta nufi madafa, domin ta sha gaya masa yana cewa ta daina yi masa ba'a: yarinyar mai wanke rogo ita ta haifi Tiwonge, kuma shi ne ya rubuta kowace kalma a shafin da hannunsa, kafin mantuwa ta kama shi.