Lagireton birni a hanyar burji

Ƙanena, tun da ka ce za ka sauya sana'a don ka ga ta abokinka ta yi masa kyau, zauna ka ji wani misali.

Wani direba ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu tsofaffin motoci iri ɗaya, kowacce da lagireton jan ƙarfe, wato tankin ruwan nan da ke sanyaya inji. Babban yana birni, kullum cikin cunkoso, mota ta fi tsayuwa a kan tafiya, inji yana ta zafi. Sai ya cire lagireton nasa ya sa na alminiyam, fari tas, mara nauyi, mai saurin zubar da zafi. Motar ta huce, allurar zafi ta daina hawa. Ƙaramin kuwa a ƙauye yake, yana jigilar 'yan kasuwa a hanyar burji. Nasa lagireton ya yi baƙi, duk jikinsa tabon dalma ne, domin duk sa'ad da tsakuwa ta huda shi, mai gyaran bokiti na kowace kasuwa yakan hura gawayi ya liƙe masa, a ci gaba da tafiya. Da ya je sallah gidan wansa ya ga an ɗaga murfin injin motar, sabon lagireto yana ƙyalli, sai nasa ya ba shi kunya. Wan ya ce masa, “Hanyarka ba irin tawa ba ce.” Bai ji ba. Ya sa irinsa, ya sayar wa 'yan gwangwan tsohon.

Abin ya yi masa daɗi har damina ta wuce. Wata ranar kasuwa ya ɗauko wasu mata da kwandunan tumatir, rana ta take, sai wata tifa ta wuce shi ta watso tsakuwa. Ɗaya ta shige ta gaba ta sami lagireton. Ya tsaya ya duba, ga ruwa yana tsiyaya kamar an huda tulu. Ya lallaɓa zuwa ƙauye na gaba, ya sami mai gyaran bokiti. Mutumin ya hura wuta, ya narka dalma ya ɗiga, ta gangare ta faɗi ƙasa. Ya sake, ta sake gangarewa. Ya ce, “Wannan ƙarfen ba ya shan dalmata, sai masu walda na birni.” Matan suna ta kallon tumatirinsu yana laushi. Direba ya cusa sabulu a hujin, ya cika ruwa, ya taka mota da fatan isa. Kafin a kai rabin hanya sabulu ya narke, ruwa ya ƙare, inji ya buga. A nan tumatir ya ruɓe. Shanu ne suka jawo motar zuwa gida, tana nan a ƙofar gidansa har yau, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Shi kuma ya koma tuƙa motar wani.

Ta wan nasa kuwa tana birni tana tafiyarta lafiya lau da farin lagiretonta. Alminiyam bai yi laifi ba, jan ƙarfe ma bai yi ba. Kowanne da hanyar da ta dace da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.